Gasasshen Kunun Manniru

"Namijin da ke riƙe da ludayi ba zai auri 'yata ba!"

Muryar Baba ce daga zaure. Ni kuwa ina laɓe a bayan asabari.

"Baba, sana'a ce..." in ji Manniru a hankali.

"Sana'ar mata! A gidan Nasara kuma, inda ake dafa naman alade! Tashi ka ba ni wuri!"

Ina jin takun Manniru har ya ɓace, na zube a ƙasa na fashe da kuka.

Ni ce Lauratu, 'yar Malam Babandi dillalin goro, yana cikin mutanen farko da suka kafa bukka a unguwar Sabo da ke Ibadan. Tun rasuwar Inna, ni ke riƙe da gidan da ƙannena. Manniru kuku ne a gidan wani Baturen jirgin ƙasa, kuma shi nake so, ban taɓa ɓoyewa ba. Zancen alade kuwa Saude ce ta kitsa wa Baba, 'yar ƙaninsa da ke zaune tare da mu. Ita ma Mannirun take so, ta ga idan ba ta samu ba, gara kowa ya rasa.

Ba a daɗe ba zazzaɓin damina ya kwantar da Baba. Zazzaɓin ya sauka, amma ya tafi da cin abinci. Na dama koko, ya ture. Na sayo eko, kafaffen kamun masara, wurin Yarabawa, ya ce shi ba zai ci abu mai santsi ba. Mutum kamar bishiyar kuka, sai ga shi ya koma ƙashi da fata. Tsoro ya kama ni sosai.

Na tafi gidan Gwaggo Azumi, yayar Baba, don in yi kukana a inda ba zai ji ba. Ina shiga soro na yi turus. Manniru ne a tsugune gaban wata sabuwar tukunyar ƙarfe.

"Laure..." ya ce, "kin rame, sanyin idona."

"Me ya kawo ka? Baba ya kore ka fa!"

"Kora ta ya yi, bai ce in daina jin tausayinsa ba. Zauna ki gani."

Gwaggo ta gyara zama a tsakaninmu tana harararsa, wai ita mai gadi.

Ya buɗe wani gwangwani, cike da hatsin Turawa da suke kira ot, falle-falle kamar an daɓe dawa.

"A kanti na saya, ba na Bature ba ne. Tukunyar ma sabuwa ce, Gwaggo shaida."

"Ni na wanke ta da hannuna," in ji Gwaggo.

Ya shafe cikin tukunyar da man shanu. Ya murje nunanniyar ayaba a ƙwarya, ya fasa ƙwai, ya zuba madarar da ya karɓo daga zangon shanu, da zuma, da ɗan gishiri da garin citta. Sannan ya juye hatsin ya gauraya, ya zuba a tukunya, ya jera yankan abarba a sama. Ya ɗora ta kan garwashi, ya rufe, ya ɗebi wani garwashin ya zuba a kan murfin.

"Wuta sama, wuta ƙasa. Ba damawa, ba tsayuwa a kai. Ki haɗa kafin sallar asuba, kafin rana ta fito ya gasu. Kowa ya yanki rabonsa, har yara."

Ƙamshin da ya tashi ya sa Iya mai ayaba, Bayarabiyar da ke zagayowa daga unguwar Mokola, ta leƙo da gaisuwar safiya irin tasu tana cewa, "E karo o! Biki ake yi ba a gaya mini ba?"

Na kai wa Baba. Ya shinshina, ya ɗan gutsura... sai ga shi ya cinye, har yana lashe yatsa. Na koma ɗaki na yi sujada ina hawaye.

Kashegari na ce bari in gwada da kaina. Kada ku tambaye ni! Ƙasa gawayi, sama ɗanye. Ni dama girki bai taɓa zama abokina ba, ƙannena haƙuri kawai suke yi da ni.

Daga ranar, kullum kafin hantsi sai in tarar da tukunya da ɗuminta a soron Gwaggo. Manniru ke sammako ya gasa, ya ajiye, ya ruga wurin aikinsa. Bai taɓa cewa a faɗa wa Baba ba. Ni ma na yi gum, ana yaba mini ina sunkuyar da kai.

Baba ya fara zama, ya fara fita zaure. Ƙannena suka yi kumatu.

Ashe Saude na bin sawuna.

Ran nan Baba na tsakiyar ci, ta faɗo tana haki.

"Baba, tsaya! Ka san abin da kake ci? Girkin kukun nan ne! Lauratu yaudarar ka take yi, da idona na gan shi!"

Na durƙusa.

"Baba, ka yafe mini..."

Baba ya ƙarasa taunawa, ya haɗiye, ya kurɓi ruwa.

"Saude, sai yau kika sani?"

Muka kalle shi baki buɗe.

"Ni na haifi Lauratu. Yarinyar da ko ruwan zafi sai ta ƙona, ita za ta yi wannan? Tun lomar farko na gane. Na kira Yaya Azumi na tambaye ta, ta gaya mini komai, har zancen tukunya. Na kuma sa an bincika mini gidan Baturen. Yaron nan tun ranar da ya kama aiki ya ce hannunsa ba zai taɓa alade ba, wani ke dafawa. Ke kuwa a bakinki na fara jin wancan zance."

Saude ta sulale ta fice, ko waiwaye babu.

Da la'asar Baba ya aika aka kira Manniru. Na koma bayan asabarina, Gwaggo na riƙe da hannuna.

"Manniru, na wulaƙanta ka a zauren nan."

"Haba Baba, ai kai uba ne..."

"Bari in gama. Na kore ka, kai kuma ka riƙa tashi da asuba kana ciyar da ni, ba ka nemi ko sannu ba. Abokan cinikina da yawa sun zo gaisuwa sun tafi. Kai kaɗai ka tuna cewa mara lafiya yunwa yake ji. Na gode, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Ban taɓa jin Baba ya gode wa yaro ba. Hawaye suka wanke mini fuska.

"Ka turo manyanka ranar Juma'a. Na ba ka Lauratu."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa a kunnena har sai da na yi tsalle.

"Sai dai da sharaɗi," in ji Baba.

"Ko mene ne, Baba."

"Kafin ka ɗauke ta, ka koya wa Yaya Azumi gashin nan da kyau. Ka raba ni da 'yata, na haƙura. Amma ba za ka raba ni da karin kumallona ba!"

Manniru ya yi dariya, yana share ido da hannun riga. Ni kuwa na rungume Gwaggo, bakina ba ya iya furta komai sai Alhamdulillahi.