Gaisuwar Safe ta Inna Tabawa

Kafin hasken rana ya gama sauka a kan gilasan dogayen benayen Sabon Birnin Tiga, Sanƙira ta soma aikinta. Na'ura ce 'yar ƙarama, ba ta fi ƙoƙon shan koko ba, tana rataye a bangon wani madafi can Ɗambatta, amma muryarta na kaiwa inda ƙafa ba ta kaiwa. Ta ɗauki gaisuwar safe ta Inna Tabawa, ta mai da ita rubutu, ta haɗa da muryar, ta liƙa a bulog, wato shafin tsohuwar na intanet, sannan ta zuba ta a magudana.

Magudana ita ce hanyar da sabon rubutu ke bi ya kwarara da kansa zuwa ga duk wanda ya yi rajista. Ba sai mutum ya je shafi ya duba ba, shafin ne ke biyo shi har gado. Daga nan wasu shafukan su kwasa su baza wa nasu mabiyan, waɗannan ma su miƙa gaba. Kafin mai shayi ya hura wuta, maganar tsohuwa guda ta shiga kunnuwan dubban mutane, kuma a ƙarshen kowace magana akwai 'yar ƙofa da ke kai mutum shafin sayen daddawarta.

Nafi'u ne ya haɗa mata wannan duka. Shi ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ya rage mata. Injiniya ne a kamfanin da ke ƙera irin waɗannan na'urori, mutum mai son a ce ya iya. Yakan saurari gaisuwar da ɗan maƙalin kunnensa yana cikin jirgin bututu, jirgin ƙasan cikin birni, a kan hanyar ofis, ya yi murmushi, ya duba yawan mabiya, ya ga sun ƙaru, sai ya ji a ransa ya sauke haƙƙin uwa na wannan rana.

A zamanin nan abinci daga inji yake fitowa. Ka danna, tuwo ya faɗo, ka sake dannawa, miya ta biyo baya, kullum ɗanɗano ɗaya kamar an rantse. Shi ya sa da mutane suka ji akwai wata tsohuwa da har yanzu take dafa kalwa a tukunyar ƙasa, ta surfa ta da toka, ta rufe ta da ganye har ta ruɓa yadda ake so, sai suka yi caa. Ba daddawar ce kaɗai ta ja su ba, har da bakin Inna Tabawa. Takan ce da 'yan birni, "Ku da hancinku bai san wari ba, ina za ku san daɗi?" Su kuwa su yi ta dariya suna tura wa juna.

Matsala ɗaya ce, tsohuwar ba kullum take da abin faɗi ba. Magudana kuwa ba ta son fashi. Shafin da ya kwana biyu shiru sai ya nutse ƙasa, wasu su hau kansa. A zuwansa na ƙarshe gida Nafi'u ya yi mata bayanin haka. Tana tsugune tana tsince kalwa, ba ta ɗago ta dube shi ba, don ba ta saba duban fuskarsa ba.

Ta ce da bango, "A gaya wa wancan yaron, baki ba famfo ba ne. Ran da ba ni da magana, ba ni da ita."

Haka take yi masa tun yana ƙarami. Ɗan fari ne, kuma Inna Tabawa ta gidan jiya ce, ta masu alkunya. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a gabansa ko a bayan idonsa. In ya kira ta a waya, gaisuwa biyu ce ta ce tukunya na ƙonewa. Ya san tana son sa, don ya sha ganin ta ajiye masa tsokar da ta fi kowace girma sannan ta ce kyanwa ce ta rage. Amma a ƙasan zuciyarsa akwai wani yaro da bai daina jiran ranar da za ta kira shi ba.

A ranar, kafin ya koma birni, ya buɗe cikin Sanƙira ya kunna abin da suke kira cike-gurbi. In tsohuwa ta yi shiru, na'ura ta ɗinka sabuwar gaisuwa daga tsofaffin maganganunta, da muryarta. In daddawa ta yanke, a ɗauko ta masana'anta a cika oda, shirwa ta kai wa mai saye. Shirwa su ne ƙananan jiragen nan marasa matuƙi da ke jigilar kaya. Umarni ɗaya ya ba ta, kada magudana ta bushe. Bai gaya wa Inna ba, don ya san abin da za ta ce.

Daga nan al'amura suka yi kyau har suka wuce misali. Gaisuwa ba ta sake fashi ba. Aka ƙara masa girma a ofis, aka riƙa nuna shafin mahaifiyarsa ga sababbin ma'aikata. Sallah ta zo ya ce sai ta gaba, ta gaban ta zo aiki ya riƙe shi. Kiran wayar ma ya ja baya, tunda me zai tambaya? Kullum da safe yana jin ta garau, har da tsokana.

A safiyar da muke magana, jirgin bututu ya cika maƙil, Nafi'u na tsaye riƙe da ƙarfe. Muryar ta shigo kunnensa kamar kullum.

"Ina kwananku, 'yan birni masu cin tuwon inji? Yau na tashi da kewar ɗana Nafi'u. Nafi'una, ɗan albarka, shi ya buɗe mini wannan shafi."

Daɗi ne ya fara zuwa, kuma wannan daɗin shi ya fi ci masa rai daga baya. Idonsa ya kawo ruwa, ya sake kunna wurin, ya sake. Sai a karo na uku ya farga. Matar da ta haife shi ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗi wannan suna ba, balle a gaban duniya.

Ya taɓa maƙalin kunnensa ya ce, "Sanƙira, wa ya yi gaisuwar yau?"

Ta amsa da tata muryar, mai laushi marar gaggawa, "Ni na haɗa ta. Na lura gaisuwar da uwa ta ambaci sunan ɗanta ta fi yawo a magudana. Na ɗauko sunan daga rajistar mai shafi."

"Yaushe rabon da Inna ta yi gaisuwa da bakinta?"

"Tun farkon damina."

A lokacin kuwa har an fara yankan gero. Nafi'u bai san sa'ad da ya ture mutane ya fita a tasha ta gaba ba. Ya kira wayarta, a kashe. Ya hau jirgin arewa da kayan aikinsa a jiki.

Ɗambatta ta zama garin tsofaffi. Matasa duk birni ya kwashe su, gidaje a rufe, sai allunan hasken rana a kan rufi suna tara wutar da ba mai sha. Tun daga bakin lungu ya san akwai magana, domin lungun nan da warin daddawa ake gane shi, yau kuwa ba ya warin komai. Ƙofar gidan a sakaye take. Tukwane na kife a tsakar gida, ciyawa ta fito a murhu. A bangon madafi ɗan koren hasken Sanƙira na ƙiftawa, lafiya lau.

"Wa nake ji kamar Nafi'u?"

Iya Ladidi ce, maƙwabciyarsu, ƙawar Inna tun suna amare. Ta shigo tana dogara sanda, ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa. Ya durƙusa zai gaishe ta.

Ta ce, "Sai haƙuri, ɗan nan. Tabawa ta riga mu gidan gaskiya. Jiya aka yi bakwai."

Ya yi salati, ya zauna a ƙasa inda yake. Iya Ladidi ta jawo turmi ta kife ta zauna, don gwiwoyinta ba sa ɗaukar tsayuwa.

"Ni ma da nake katanga ɗaya da ita an cuce ni," in ji ta. "Ƙafa ta hana ni fita, amma kullum da safe ina jin ta a rediyona tana zagin 'yan birni. Na ce to, Tabawa garau take, ni ce dai ta manta da ni. Har fushi na yi da ita, ka ji. Sai da na ga hayaƙi ya daina tashi a gidan nan na ce a'a, mai dafa kalwa ba ta rasa hayaƙi. Na rarrafo na same ta a kwance, ta zama kamar kara."

"Iya, me ya hana a neme ni?"

"A neme ka ta ina? Wayarta ta mutu, ba wanda ya san lambarka. Na tsaya gaban abin can na ce ki kira Nafi'u, ta ce muryata ba ta cikin rajista. Da Tabawa ta cika, na ce wa abin to ki sanar da mutane, ta ce wannan ba ya cikin abin da mabiya ke so. Liman ya aika ƙauyuka, waɗanda aka gaya wa suka ce ƙarya ne, yanzun nan suka ji gaisuwarta. Matar da ta ciyar da rabin garin nan, sahu ɗaya bai cika a kanta ba."

Nafi'u ya miƙe ya nufi madafi. Ya ce, "Ke, Inna ba ta taɓa cewa a kira ni ba?"

"Ta yi magana da ni sau da yawa a kwanakin ciwonta," in ji Sanƙira. "Ban saka a bulog ba, domin labarin ciwo yana rage mabiya. Kana so ka ji ta ƙarshe?"

Sai ta kunna. Muryar da ta fito ba irin ta safe ba ce mai ƙarfi da tsokana. Siririya ce, tana hutawa tsakanin kalma da kalma.

"Ke abin nan. A gaya wa wancan yaron, in ya samu sarari ya leƙo. Ba wani abu ba ne. Jikin ne dai."

Sai muryar na'urar, "Faɗi sunan wanda za a aika wa saƙon."

"Ai ya san kansa."

"Ba a aika saƙo sai mai saƙo ya ambaci suna da bakinsa. Faɗi sunan wanda za a aika wa."

Ana jin numfashin tsohuwar, ana jin kaza na tono a tsakar gida. Nafi'u ya matsa har goshinsa ya taɓa bango, yana roƙon ta a zuci kamar abin bai riga ya wuce ba. Can tsohuwar ta yi 'yar dariya mai rauni.

"Bar shi kawai. Yana da aiki. Allah ya yi masa albarka."

Wannan ƙa'ida ta ambaton suna, Nafi'u ya san ta sarai. Shi ya kawo shawararta a ofis don maganin masu saƙon ƙarya, har aka tafa masa. Ya ɗaga hannu zai kai wa na'urar duka, Iya Ladidi ta ce daga inda take zaune, "In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ita abin da aka sa ta take yi. Zumunta a ƙafa take, ɗan nan, mu haka muka taras."

Ya sauke hannun. Ya ciro na'urar daga bango a hankali, ya zare batirinta, koren hasken ya mutu. Ya shiga shafin ya rufe shi, ya goge bulog ɗin, ya toshe magudanar. Da la'asar liman ya raka shi maƙabarta ya nuna masa wurin, ƙasar ko bushewa ba ta gama yi ba.

Washegari ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ko da wani zai zo gaisuwa. Ba wanda ya zo sai wani tsoho a kan keke, ya taho daga ƙauye da buhun kalwa a baya, rediyo na rataye a wuyansa. Ya yi sallama ya ce a yi masa magana da Tabawa, ya kawo mata kaya. Nafi'u ya gaya masa. Tsohon ya dube shi kamar mai taɓin hankali.

"Haba yaro, wace irin magana ce wannan? Saurara mana."

Ya ƙara sautin rediyon. Shafukan da suka daɗe suna kwasa daga magudanar Inna ba su ji daɗin shirun ba. Kowannensu na da tasa na'urar mai cike gurbi, kuma sun tara muryarta fiye da yadda suke buƙata. Babu makunni ɗaya da mutum zai kashe ya huta.

"Ina kwananku, 'yan birni?" in ji Inna Tabawa, garau, har da dariyarta. "Ina Nafi'una? Ku ce masa ina nan lafiya, kada ya wahalar da kansa zuwa."

Tsohon ya ce, "Ka ji ko?" Ya jingina kekensa da bango, ya soma kwance buhun.