Tsuwar Bel a Motar Hajiya Bashira

Kwana uku ke nan motar Hajiya Bashira tana garejin Sabi'u mai wayarin a Ƙofar Durbi, kuma duk ta ishe shi. Ana cikin tafiya sai ta kama tsuwa, wai na kujerar gaba bai ɗaura bel ba, alhali babu kowa a kujerar. Sau biyu yana canza sensa, na'urar da ke jin nauyin mutum a kujera, a banza. Hajiya kuwa ta ce gobe za ta kai motarta Kano, tunda aikin ya fi ƙarfinsa.

Bayan sallar isha'i ya jona kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, don ta rubuta duk saƙon da na'urorin motar ke aika wa juna. Ya hau titi shi kaɗai yana tsaki.

Daidai Ƙofar Marusa tsuwar ta dawo. Ya taka birki, ya duba kwamfuta. Maganarta ɗaya: akwai mutum a kujera.

"Ƙarya kike!" ya daka mata tsawa. "Wane mutum? Ina shike?"

Sai ƙamshin turaren wuta ya cika motar, ga gilasai a rufe. Ya waiga. Soson kujerar a lotse yake.

"Yi haƙuri, Malam Sabi'u," in ji muryar wata tsohuwa dab da kunnensa, babu numfashi a cikinta. "Na wahalshe ka. Ban saba da abin ba ne."

Bel ya jawu da kansa, ya ce ƙas.

Tsuwar ta ɗauke.