Yarinyar da Ta Leƙa Shafin Ƙarshe

A can wani zamani, a wani ƙauye, an yi wata malama mai dabara. Da an gama jarrabawa yara sukan daina zuwa makaranta, sai ta ɗauko wani tsohon littafi tana karanta musu shafi uku kullum. Saboda son jin ƙarshen labarin, ba mai fashi, ba mai surutu.

A ajin akwai wata yarinya marar haƙuri. Ran nan da aka fita hutun tara, ta buɗe jakar malama ta karanta shafin ƙarshe. Ta gaya wa kowa cewa masuncin da ke cikin labarin ya dawo ya auri masoyiyarsa.

Washegari ita kaɗai ta zo.

Malama ta ce, "Ina 'yan'uwanki?"

Yarinya ta sunkuyar da kai. "Malama, ni na faɗa musu ƙarshen."

"Na sani. Zauna, 'yata."

Malama ta karanta shafi uku cif, da muryarta ta kullum, kamar ajin a cike yake. Yarinya ta kasa ɗaga kai.

Da aka tashi, ta bi gida-gida tana sallama, tana cewa, "Ku yafe mini, ku zo gobe. Ba ku ji yadda ya haye kogin ba."