Idon Baba Evert

Ruwan sama ne ya koro Nienke cikin shagon tsofaffin littattafai na gidan Kuiper a birnin Leiden. Ta jingine kekenta a waje, ta shigo tana ɗiga. Sabuwar likitar ido ce, tana neman irin littattafan harshen Latin na zamanin da, masu koya wa matasan likitoci ladabin aiki.

Wouter, ɗan mai shagon, ya sauko mata da wani mai bangon fata. Wai fassara mata yake yi, amma mu maƙwabta mun ga inda idonsa yake.

"Littafin ya ce likita ya yanke farce, kada ya shiga wurin majinyaci yana warin giya, kuma abin da ya gani a gidan mutane ya bar shi a bakin ƙofa."

"Bai ce komai kan mai shagon da ke ƙura wa mutane ido ba?"

"Wannan shafin ɓera ya cinye shi."

Shi ke nan fa! Duk Asabar sai ka gan su a kasuwa suna cin ɗanyen kifi da albasa, yana kiranta Likitata, tana kiransa Sarkin Ƙura. Kafin bazara ta wuce maganar aure ta taso.

Ranar da ya kai ta gida, mahaifinsa Evert ya fito da fara'a. Tana gaishe shi, fara'ar ta ɗauke. Ita ce likitar da ta gaya masa a asibiti cewa ganinsa na tafiya. Shi kuwa ya ɓoye wa kowa, har ɗansa, don tsoron a zaunar da shi a gida, a raba shi da shagon.

"Ban yarda da auren nan ba," in ji shi. "Kada ka tambaye ni dalili."

A hanya Wouter ya tsare ta. "Kin san shi, ko? Me ke tsakaninku?"

Wallahi kalma ɗaya da ta isa ta wanke ta, amma yarinyar nan ta dake.

Da yamma ya turo saƙo: "Likitata, in za ki ɓoye min abu tun yanzu, wane irin aure za mu yi?"

Ta amsa: "Ina sonka, Sarkin Ƙura, son da ke hana ni cin abinci. Amma wannan maganar ba tawa ba ce, ba zan ba ka ita ba."

Ya yi fushi, ya daina kiranta. Ta sha kuka, ta mayar da Evert hannun wani likita, ta riƙe sirrinsa.

Wata safiya a shago Wouter ya kasa haƙuri. "Baba, hankalinka ya kwanta? Ta gwammace ta rasa ni da ta faɗi abin da ke tsakaninku."

"Ba ta gaya maka ba?"

"Ko kalma."

Sai tsohon ya laluba kantar littattafai, ya jawo littafin nan mai bangon fata, ya miƙa masa a buɗe.

"Karanta min inda ake maganar amanar majinyaci. Ni ba na ganin rubutu yanzu, Wouter. Ita ta gano ciwon. Na sayar da irin waɗannan ga likitoci ba iyaka, don su ƙawata ɗaki. Yau ga mai aiki da shi, ni kuma na kore ta. Tashi, malalaci, ɗauki keke!"

Wouter ya same ta a ƙofar asibiti, yana haki. "Ki yafe min."

"Ka makara," in ji ta, ta kama hannunsa gam.

A zauren hukumar gari aka ɗaura auren, muka cika wurin maƙil. Evert ya ƙi sanda, ya riƙe hannun amarya har gaban jami'in.

"'Yata," ya ce, kowa na ji, "fuskarki hazo-hazo nake gani, amma halinki na gan shi tar. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Shi ma wannan sakaran na damƙa miki shi amana."