Lahadin da Suka Hau Monserrate

"Monserrate?" Nohora ta dire kofin kokon da ke hannunta, cukun da ta jefa ciki ko narkewa bai yi ba. "Ni da kai, Efraín? Ana ta shirin bikinmu?"

Ya ce ai ba su kaɗai ba ne, Mama ce ta nema, ranar Lahadi. Yana maganar yana kallon tantabarun da ke kiwo a bakin titi, ya ƙi yarda su haɗa ido.

Duk Bogotá babu wanda bai san zancen ba: saurayi da budurwar da suka hau dutsen Monserrate tare, ba su ba aure. Efraín ya ce camfin tsofaffi ne, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

Dama Nohora ta jima tana haɗiye abubuwa. Kwanan nan da wayarsa ta yi ƙara sai ya fice waje. Yakan ɓace rana guda, ya dawo da uzurin da bai da kai. Mahaifiyarsa kuwa, Doña Ligia, sun yi kiciɓis a kasuwar furanni, Nohora ta ɗaga mata hannu har da murmushi, matar ta dube ta sama da ƙasa ta wuce abinta.

Da ta kai wa yayarta Yolima labari, dariyar mugunta ta yi.

"Tsohuwa ta kasa korar ki da baki, shi ne ta ɗauki dutse haya. Ke kuma sarkin biyayya, sai ki bi ta."

"Yaya, to in ƙi zuwa?"

"Ki je mana. Amma ki tafi da idonki a buɗe."

Ranar Lahadi Doña Ligia ta ƙi shiga motar igiyar da ke kai mutane saman dutsen, ta ce da ƙafa za ta hau kamar sauran masu ziyara. Efraín ya riƙe mata hannu gam, ya bar Nohora a baya cikin cunkoso, tsakanin masu tallan kyandir da gasasshiyar masara. Tana ganinsu suna ƙus-ƙus, da ta matso sai su yi tsit.

Sun kai wajen rabin hanya haƙurinta ya ƙare. Ta sha gabansa, numfashinta na sarƙewa don tsayin dutsen da kuma abin da ke cinta.

"In rabuwa kake so, Efraín, ka faɗa da bakinka. Ko wata ce?"

"Haba, masoyiyata..."

"Kar ka kira ni haka!"

Doña Ligia ta laluba ta zauna a kan matakala. Ta aiki ɗanta ya sayo musu ruwan mazarƙwaila mai zafi, ta ce kada ya yi sauri. Sannan ta dafa gefenta, Nohora ta zauna tana ɗari-ɗari.

A hankali tsohuwar ta faɗa mata. Idonta ne ke tafiya. Likita ya ce ba ya dawowa, da wuya ma ya kai ranar biki. Wayar da Efraín ke ɓoyewa ta asibiti ce, ita ta sa shi rantsuwar yin shiru. Ranar kasuwa kuwa inuwa kawai ta gani, sai daga baya mai furanni ta ce mata surukarta ce ta wuce.

Jikin Nohora ya yi sanyi, amma zargin bai sake ta duka ba.

"To me ya sa nan, Doña Ligia? Duk wuraren da ke garin nan?"

"Da gangan ne, 'yata. Efraín ba zai taɓa barina ba, ni kaɗai gare shi. Wadda ta aure shi ta auri makauniya, da wankanta da jagorarta. Ke yarinya ce, ban ga laifinki ba in kin ce ba za ki iya ba. Shi ya sa na kawo ku nan. In kin janye, mutane dutse za su zaga... babu mai zagin ki."

Nohora ta sunkuyar da kai. Ta tuna irin maganganun da suka yi a kan matar nan a ɗakin Yolima, kunya ta rufe ta, hawaye suka ɓalle mata.

Efraín ya dawo da kofuna a hannu, ya tsaya nesa kamar mai jiran hukunci. Ta harare shi, ta ce da shi akwai sauran magana, ba ta yafe ɓoye-ɓoyen ba tukuna. Sai ta miƙe ta kama hannun tsohuwar.

"Tashi, Mama. Akwai matakala a gabanki, ɗaga ƙafa."

Haka suka ƙarasa, ita ke jagora, shi yana biye da su. A ƙofar farin cocin da ke saman dutsen, gari ya shimfiɗu a ƙarƙashinsu har inda ido ya tsaya. Nohora ta fara nuna mata jajayen rufin tsohuwar unguwa, amma Doña Ligia ta girgiza kai, ta ce gari ta gan shi ya ishe ta.

Ta tallabo fuskar Nohora da hannu biyu, ta matso da ita dab da tata.

"Tsaya haka, kar ki motsa. Bari in haddace ki."