Marigayiyar da Ta Buɗe Ƙofa

Da ya san abin da zai tarar, da bai wahalar da kansa yana haddace kalmomin ta'aziyya a hanya ba. Mahaifiyarsa ce ta aike shi. Ita ce shugabar sashen naɗe sabulu a wata masana'anta, ma'aikata na kiranta Anti Agogo a bayan idonta. Ɗaya daga cikin 'yan matan sashenta ta bugo waya cewa kakarta ta rasu, ita kuma aiki ya riƙe ta, sai ta ce ɗan nata mai gyaran wuta ya biya ya isar da gaisuwa.

Ya hau benen gidan ya ƙwanƙwasa. Ba tarin takalma a bakin ƙofa, ba motsin jama'a. Wata tsohuwa 'yar firit ta buɗe tana dogara sanda, da filastar ƙarin ruwa a bayan hannunta.

"Mama, ta'aziyya na zo. An ce kakar mai aiki a kamfanin sabulu ta rasu. Allah ya jiƙanta."

Tsohuwa ta kalle shi sama da ƙasa. "Amin, tun da wuri haka. Shigo, yaro. Ni ce marigayiyar."

Nan jikarta ta fito daga kicin da kwanon ruwan ɗumi da tawul a kafaɗa, ƙamshin sabulu na biye da ita. Ta gan shi, ta gane ɗan wane ne, ruwan ya zube rabi a kan siminti. Shi kuwa bawan Allah, maimakon ya yi fushi, sai ya tsinci kansa yana kallon idanunta.

"Na nemi izini in kai ta asibiti, aka ce izini sai na rasuwa," in ji jikar. "Ba ta da kowa sai ni. Na ga kwanakin nan dai nata ne, gara in ba ta su tana iya ganina."

Sai ya waske ya ce ƙwan fitilarsu yana wasa. Ya taka kujera ya gyara. Tun daga ranar, wutar gidan nan ba ta sake zama lafiya ba. Yau soket, gobe fanka, jibi wata waya da shi kaɗai yake ganin laifinta. Kaka ta raɗa masa suna Mai Ta'aziyya, ta ce tunda ya zo binne ta bai samu ba, sai ya haƙura ya aure ta.

"Mai Ƙamshi, kin ci abinci? Yaya jikin matata?" ya rubuta wa jikar wata rana.

"Matarka ta cinye nata ta haɗa da nawa. Ni ce ba lafiya. Yau wata a wurin aiki ta rungume ni tana kuka, wai na tuna mata da rasuwar mamanta. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige."

Yana sonta, so mai tsanani, kuma shi ma ƙaryar tana ci masa rai, don shi ne ya koma gida ranar ya ce ya isar da gaisuwa.

Da ya gaya wa mahaifiyarsa wadda yake so ya aura, sai ta yi murna. "Marainiyar nan mai haƙuri? Madalla. Zan je in ga sauran danginta."

Ya garzaya wurin Mai Ƙamshi da dabara. "Kowa ai kaka biyu gare shi. Mu ce ta wajen uba ce ta rasu."

"A'a, masoyina. Ƙaryar farko don Kaka na yi, ko ita ban samu barci ba. Ta biyu don wa zan yi? Ba zan shiga gidanku da ƙarya a cikin akwati ba."

Washegari ta zo falonsu da ƙafarta, ta durƙusa ta faɗi komai. Anti Agogo ta cire tabarau ta ajiye a hankali.

"Wadda ta iya kashe mai rai da baki, gobe ni za ta kashe in aiki ya ishe ta. Aurenku ban yarda ba. Kai kuma da ka rufe ni, za mu gamu."

Gidan ya yi masa zafi. Saƙonninsa suka koma gajeru, nata suka fi gajarta. "Ka yi wa Mama biyayya," ta rubuta. "Ni na jawo."

Ana haka, wata safiyar hutu aka ƙwanƙwasa musu ƙofa. Kaka ce, ta hau matakalar gidansu duka da sandarta tana haki. Ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"'Yata, na zo ki ga gawar da idonki. Yarinyar nan ta yi laifi, ni ma na ja mata kunne, don ba daɗi mutum ya ji labarin mutuwarsa yana shan shayi. Amma ki gaya mini, kwanakin da kuke bayarwa in na mutu, ni me zan yi da su?"

Anti Agogo ta cire tabarau.

"Tawa mahaifiyar ina tsaye a bakin inji ta cika," ta ce. "Aka ba ni kwanakin bayan nan. Na zauna ina kallon gadonta." Ta share ido da gefen mayafi, ta mayar da tabarau. "Amma ƙarya ƙarya ce. Sai ta nemi gafarar duk wanda ya yi mata kuka."

Haka kuwa aka yi. Mai Ƙamshi ta bi su ɗaya bayan ɗaya a bakin teburin naɗe sabulu. Wasu suka yi dariya, wadda ta rungume ta kuwa sai da ta ɗauki lokaci kafin ta huce.

Ranar biki Kaka ce a kujerar gaba, tana gaya wa duk wanda ya gaishe ta cewa jikarta ta ƙwace mata miji tana kwance. Ta haɗa hannayen ango da amarya cikin nata, ta yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ango na share hawaye a ɓoye.

Da taro ya fara watsewa, ya ji mahaifiyarsa ta jawo amarya gefe tana gyara mata mayafi.

"Na ji Kaka na da ganin likita mako mai zuwa. Kada in gan ki a wurin aiki ranar. Ki kai ta, 'yata, ba sai kin kashe kowa ba."