Baƙon da ya kulle motar Jimrau

Rana ta yi ja a kan Dakoro lokacin da Jimrau, mai tuƙa wa kumandan, Baturen mulkin garin, 'yar motar kaya, ya tsaya ƙofar gidansa don ya sha ruwa. Daga Tagriss ya fito, bayan motar cike da duwatsun wata tsohuwar rijiya da Bature ya sa aka tono don gini. Da ya dawo sai ya tarar ƙofofin duka a kulle, lakile, wato makullin motar, na reto a ciki. Fasa madubin motar Bature kuwa ba a yin shi a kwana gida.

Matarsa Uwale tana tankaɗe sa'ad da dutse na farko ya faɗo tsakar gida. Na biyu ya fasa randa. Kaji suka yi tsit. Sai ɗiyarsu Dela ta aje tsintsiya, ta zauna a ƙasa, ta harɗe ƙafa irin zaman tsofaffin makiyaya, tana kallon uwarta kamar ba ta taɓa ganinta ba.

Uwale ba ta yi kuka ba. Ta ɗaura zane ta kirawo Malam Mamani.

Malam ya daɗe yana karatu a kan yarinyar, hayaƙin turare na tashi a hankali. Can bakin Dela ya buɗe, muryar tsoho ta fito.

"An kwashe mani gida an loda a mota. Ni na kulle ta. A maida ni."

"Za a maida ka," in ji Malam. "Fita."

"A jikin yarinyar zan tafi. Ya yi mani daɗin zama."

Jimrau ya sunkuyar da kai. Uwale ta matso har gwiwarta ta taɓa ta ɗiyar.

"Wanda ya rushe maka gida yana can kan tudu da tutarsa, ba ka je mashi ba, sai ɗiyata? Ko zaure ba za ta taka ba. In kana so, ka zauna cikin motar har ta yi tsatsa."

"Ba ki tsorona, mata?"

"Ina tsoro. Amma ba ta zuwa."

Malam bai daina karatu ba.

"To, kujerar gaba," in ji muryar. "Da duwatsuna duka."

Dela ta yi atishawa ta kife a cinyar uwarta. A waje aka ji ƙofar mota ta buɗe da kanta.

Jimrau ya juya arewa ba da izinin kowa ba, kujerar kusa da shi a lotse. Washegari kumandan ya tambayi ina duwatsu, Jimrau ya ce ya maida wa mai su. Kwana goma sha biyar ya yi a kaso. Kullum da hantsi Uwale ke ratsa gaban ofishin kumandan da ƙwaryar furar da za ta kai wa mijinta, ba ta rusuna wa kowa.